TAƘAITACCEN TARIHIN SUTURARMU A GIDAN SUJADA

A wannan biki na cika shekara 50 an ba da tarihin gini da na pastoci. Mun ga ya dace a ba da na tufafi kuma, gama duk wanda ya jera tsofaffin hotunan ikilisiyar nan zai ga yadda suturarmu ta yi ta sakewa, har yau kuwa ana gardama a kanta.

Tarihin ya girmi wannan majami'a. A watan Disamba 1893 ne Gowans da Kent da Bingham suka sauka Ikko. Mishan na SIM ya kafa tasha a Patigi a 1902, SUM a Wase a 1904, Likita Miller na CMS kuma ya zauna a Zariya a 1905. Mutanen da suka tarar ba sutura ɗaya gare su ba. A biranen ƙasar Hausa akwai masaƙa da marina da maɗinka, namiji da riga da wando da hula, mace da zane da mayafi. A ƙauyuka da yawa na kan duwatsu kuwa, namiji bante ne ko walki, mace kuma ganye. Masu bi na fari sun zo da abin da suke da shi, a haka suka ji bishara, a haka suka karɓi Yesu.

Da makarantu da asibitocin mishan suka yawaita, sai kaki da gajeren wando suka shigo, daga baya kwat. A nan ne wasu suka ɗauka cewa kwat rigar Kirista ce, babbar riga kuwa ta Musulmi. Masu bi na Wusasa da na ƙauyukan Kano da Katsina ba su yar da rigarsu ba. Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa cikin Hausa a 1932, in kuwa Maganar Allah ta yarda da harshenmu, don me za ta ƙi ɗinkinmu? Bayan kafa ECWA a 1954 da samun mulkin kai a 1960, ganin fasto a kan mumbari da babbar riga ya zama ba abin mamaki ba.

Batun hula da ɗankwali daga 1 Korantiyawa sura 11 iyayenmu suka ɗauko shi. A al'adar Hausa hula girma ce, dattijo ba ya fita gaban jama'a kai ba hula. Duk da haka dattawanmu suka riƙa tuɓe ta lokacin addu'a, suna ajiye girmansu a gaban Wanda ya fi su. Mata kuma suka riƙe ɗaurin kai.

An buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, yadi ya wadata. Zumuntar Mata ta yi amfani da wannan da hikima: zane ɗaya, riga ɗaya, ɗankwali ɗaya. In sun tashi waƙa, ba ka bambanta matar attajiri da gwauruwa. Amma daga 1986, da aka shiga tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, iyalai da yawa suka koma gwanjo. Bayan shekara ta 2000 yawancin masaƙun Kaduna suka rufe. Abin mamaki, a daidai lokacin da yadi ya yi tsada ne anko ya yawaita: na aure, na godiya, na jana'iza, na taron shekara.

A nan ne damuwarmu take. Mun san akwai 'yan'uwa da ke zama a gida ranar Kirsimeti ko ranar biki domin ba su da sabon ɗinki. Abin da iyayenmu mata suka fara domin a rufe asirin matalauci, kada ya zama abin tona shi. Yakubu sura 2 ta tsauta wa ikilisiyar da ke ba mai kyakkyawar riga wurin zama mai kyau, ta bar mai tsumma a tsaye. A 1 Timoti 2:9-10 Manzo Bulus ya haɗa abu biyu, kunya da gudun tufafi masu tsada. Matasanmu, maza da mata, su ji na farkon, su bar matsattsun kaya da masu nuna tsiraici. Mu manya kuma masu shadda da leshi, na biyun namu ne.

Saboda haka muna roƙonku abu uku. Kowa ya zo da tsabta da kamun kai, ko da rigarsa ɗaya ce. Wanda ya sayi anko ya tuna da wadda ba ta iya saya ba. Masu tsaron ƙofa kuma su marabci baƙo yadda ya zo, a bar gyara ga dattawa da iyaye mata, a keɓe, cikin ƙauna.

Ubangiji da ya yi wa Adamu da Hauwa'u sutura, wanda yake duban zuciya, ya suturta mu da adalcin Ɗansa, ya kai 'ya'yanmu ga bikin shekara 100 cikin salama. Amin.