Kowace Ɗorawa da Mai Ita

A Unguwar Gano na girma, inda inuwar da muka sani ita ce ta darbejiyar ƙofar gida. Kakata kuwa takan ce a ƙuruciyarta gonaki ne tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kuma kowace ɗorawa da mai ita. Sunayen unguwannin Kano suna ba ta gaskiya: Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Rimin Keɓe.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, mai itace shi ke tsara kamannin daji. Manomin karkarar Kano zaɓe yake yi. Yana barin gawo domin yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. Yana barin kuka saboda miya, ɗorawa saboda daddawa, tsamiya saboda kunu. Shi ya sa gonarsa ke da tsoho da matashi, dogo da gajere, a warwatse. Shingayen da gwamnati ta dasa a arewacin Kano don tare hamada kuwa darbejiya ce da turare, sahu-sahu, kusan duk sa'o'in juna.

Hujja mafi ƙarfi tana Maraɗi. Dokar daji da Faransa ta kafa a 1935 ta sanya itatuwa masu daraja a hannun hukuma, ko da a gonar mutum suke. Manomi ya ga tsiron da zai jawo masa tarar malamin daji, sai ya sassabe shi tun yana ƙarami. Daga 1983 Tony Rinaudo ya shiga nuna wa manoma yadda ake rainon tohon kututture, abin da suka kira sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo a kudancin Nijar.

Sai dai ban yarda a ce gona ta wadatar ba. Manomi abin da zai amfane shi yake raino. Doka da maje da maɗaci sai a gandun hukuma irin na Falgore ake samun su a cunkushe.

Ɗorawar da kakata ta gada ta rayu har ranar da aka yanka gonar filaye. Wanda ya sayi wajen da take shago yake so, a mako guda aka sare ta.