Sassauta Tsokoki da Ingancin Rayuwar Masu Ciwon Daji: Nazari daga Zangunan Akra

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dabarar sassauta tsokoki mataki-mataki, wadda ake koya wa masu ciwon daji domin rage fargaba, tashin zuciya da gajiya a lokacin karɓar magani. Ta bi sawun gwaje-gwajen da aka yi a Amurka, Hong Kong da Saifurus, sannan ta auna su da yanayin zama a Sabon Zongo, Nima da Maamobi. Matsayarta ita ce dabarar tana da amfani matsakaici, ba ta warkar da daji, kuma ba za ta karɓu a zango ba sai an sauya mata wuri, lokaci da mai koyarwa.

Muhimman kalmomi: ciwon daji, sassauta tsoka, ingancin rayuwa, zango, Korle Bu.

1. Gabatarwa

Ƙiyasin shekarar 2020 na hukumar IARC, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya mai binciken daji, ya nuna an samu sabbin masu cutar kimanin 24,000 a Gana, kusan 16,000 kuma sun rasu. Sankarar mama ce a kan gaba da mutum kimanin 4,500. A Akra, akasarin marasa ƙarfi suna neman magani ne a Asibitin Koyarwa na Korle Bu, wanda aka buɗe a 1923, aka kuma kafa masa cibiyar gashin daji a 1997.

Sabon Zongo, wadda Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, tana daf da Korle Bu. Sai dai kusanci da asibiti bai isa ya sa a je da wuri, ko a kai ƙarshen magani ba. Binciken da Clegg-Lamptey da abokan aikinsa suka buga a 2009 kan masu sankarar mama a Korle Bu ya lissafo dalilan zuwa a makare da na tserewa ana tsakiyar magani: tsoron yanke mama, komawa ga maganin gargajiya da wuraren addu'a, da rashin kuɗi. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka yi dokarta a 2003, ta ɗauki sankarar mama da ta bakin mahaifa, amma kuɗin motar haya ta tirotiro da ranakun da aka rasa a kasuwa suna kan mai ciwon da danginta. Duk abin da zai sauƙaƙa wahalar maganin ba tare da ƙarin kashe kuɗi ba ya cancanci a duba shi da kyau.

2. Asalin dabarar da yadda take aiki

Likitan Amurka Edmund Jacobson ne ya fito da ita a littafinsa na 1929. Ya lura cewa mai fargaba yana ɗaure tsokokinsa bai sani ba, kuma idan aka koya masa bambance ɗaurewa da saki, hankalinsa yana kwantawa. Tsarinsa yana cin watanni. Joseph Wolpe ya taƙaita shi a shekarun 1950, sannan Bernstein da Borkovec suka fitar da jagora a 1973 wadda galibin masu bincike suke bi har yau. An raba jiki rukuni 16, daga hannu zuwa goshi, muƙamuƙi, wuya, kafaɗa, ciki, cinya har tafin ƙafa. Ana ɗaure kowane rukuni daƙiƙa 5 zuwa 7, a sake shi gaba ɗaya, a tsaya rabin minti ko fiye ana sauraren bambancin. Idan mutum ya goge, sai a haɗe rukunonin su koma 7, daga baya 4.

Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne sakin tsoka tare da numfashi a hankali yana rage aikin sashen jijiyoyin da ke shirya jiki ga gudu ko faɗa, bugun zuciya ya sauka. Wannan yana da muhimmanci ga wata matsala da masu karɓar kemoterafi suka sani: tashin zuciyar da ke zuwa tun kafin a sa maganin. Wanda ya sha amai a zagayen farko da na biyu, ganin ƙofar sashen ko warin sinadarin goge fata kaɗai yana iya tayar masa da zuciya a na uku. Jiki ne ya haɗa wurin da wahalar, irin sabon da Pavlov ya bayyana.

3. Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A farkon shekarun 1980, Burish da Lyles a Jami'ar Vanderbilt sun nuna cewa waɗanda aka koya wa dabarar tare da sawwara wuri mai daɗi a zuci sun samu raguwar fargaba da tashin zuciya. A 1982 Morrow da Morrell sun samu sakamako makamancin haka kan tashin zuciyar kafin magani. A tuna cewa duk wannan ya faru ne kafin shigowar maganin amai na ondansetron da 'yan'uwansa a farkon shekarun 1990, lokacin da maganin amai bai da ƙarfin na yau.

Gwajin Molassiotis da abokan aikinsa na 2002 a Hong Kong, kan mata 71 masu sankarar mama, ya fi koyar da mu taka-tsantsan. Tsawon lokacin tashin zuciya da amai ya ragu, amma tsananinsu bai sauya sosai ba. A 2003 Cheung da abokan aiki, su ma a Hong Kong, sun ga raguwar fargaba da ƙaruwar ingancin rayuwa ga masu dajin hanji bayan tiyata. A Saifurus, Charalambous da abokan aikinsa sun buga gwaji a 2016 kan mutum 208 masu dajin mama da na prostate, inda ciwo, gajiya da tashin zuciya suka ragu. Ƙungiyar likitocin daji ta Amurka, ASCO, ta sa dabarun sakin jiki cikin abin da za a iya bai wa masu fargaba lokacin magani a jagorarta ta 2023.

Raunin waɗannan hujjoji a fili yake. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, na 'yan makonni. Ba a iya ɓoye wa mutum rukunin da aka sa shi, kuma shi ne da bakinsa yake faɗin yadda yake ji. Wanda ma'aikaciyar jinya ta zauna da shi rabin awa tana masa magana a tsanake zai iya jin sauƙi ko da ba ta koya masa komai ba. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya nuna dabarar tana rage ƙari ko ƙara tsawon rai.

4. Dabarar a gidan haya

Jagororin dabarar suna ɗauka cewa mai ciwo yana da ɗaki shiru, da gado ko kujerar kishingiɗa, da minti 20 zuwa 30 da ba mai taɓa shi, kullum. Littafin Deborah Pellow na 2002 kan Sabon Zongo ya kwatanta wani tsarin dabam: gidaje na masu gida da 'yan haya, iyali a ɗaki ɗaya ko biyu, tsakar gida ɗaya ga kowa. Nima da Maamobi sun fi haka cunkoso. Ƙari a kan haka, zango ba ya barin maras lafiya shi kaɗai. Dubiya hakki ce, kuma wadda ta rufe ƙofa da rana tsaka ta jawo tambaya, alhali mata da yawa suna ɓoye sunan ciwon har ga maƙwabta.

Saboda haka a ganina wurin koyon farko shi ne asibitin kansa. Mai karɓar magani yana zuwa ne galibi duk mako uku, ya yi sa'o'i a benci yana jira, ya yi wasu a kujera ana masa ƙarin ruwa. Lokaci ne da ya riga ya salwanta, kuma a nan ne fargabar ta fi tashi. A gida, sigar rukuni 4 da ake yi a zaune cikin minti goma ta fi dacewa, da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ko a kan sallaya bayan sallar asuba, inda ba wanda zai yi mamakin ganin mutum zaune shiru.

Mai koyarwa yana da tsani a hannunsa. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zango ya san natsuwa farilla ce a salla, wato kowace gaɓa ta zauna a ruku'u da sujada kafin a ɗago. Ba baƙon abu za a kawo masa ba idan aka ce ya lura da gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya. Amma a tsaya a nan. Kada a mayar da motsa jikin ibada, kada kuma a sayar da shi a matsayin waraka. Idan aka yi haka, dabarar za ta shiga jerin abubuwan da ke janye mutane daga Korle Bu, kamar yadda binciken 2009 ya nuna game da wasunsu.

Mace ce ya kamata ta koyar da mata, da Hausar zango ba ta Kano ba, a kuma naɗi muryarta a tura ta WhatsApp, domin takarda ba za ta yi wa wadda ba ta karatun boko amfani ba. 'Yar ko ƙanwar da ke jinya ita ma ta koya, don ita ma ba ta barci. Akwai kuma sharuɗɗan lafiya: ba a ɗaure hannun ɓangaren da aka yi wa tiyata ko wanda ya kumbura, ba a ɗaure wurin da gashin daji ya ƙona, kuma wanda dajinsa ya kai ƙashi ya tsaya ga saki da numfashi kawai, da iznin likitansa.

5. Matsalar awo

Ma'aunin da aka fi amfani da shi, EORTC QLQ-C30 na 1993, tambayoyi 30 ne kan ƙarfin jiki, aiki, hali, tunani, mu'amala, alamomin ciwo da matsin kuɗi. Yana tambaya ko mutum yana iya doguwar tafiya ko ɗaukar kaya mai nauyi, ko hankalinsa yana tsayawa a karatun jarida. Bai tambayi mace ko tana iya alwala da kanta ba, ko tana salla a tsaye, ko ta je suna da gaisuwar mutuwa, ko ta koma bakin tukunyar kokonta. A Nima waɗannan ne mizanin jin sauƙi, kuma ya kamata a ƙara su a gefen ma'aunin ba tare da an taɓa tambayoyinsa na asali ba.

Matsala ta biyu ita ce dauriya. Idan aka ce wa dattijuwa, "Hajiya, ya jiki?" amsar ita ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da ba ta runtsa ba daren jiya. Ladabi ne da tawakkali, ba ƙarya ba, amma mai bincike da ya rubuta wannan a matsayin sakamako ya yaudari kansa. Tambayar ta zama ta abin da ake ƙirgawa: sau nawa kika yi amai jiya, sau nawa kika farka, kin iya cin abincin rana?

6. Shawara

Abin da ake buƙata shi ne gwaji a cibiyar Korle Bu kan marasa lafiya daga zanguna, a raba su biyu da ƙuri'a. Rukuni ɗaya a koya masa dabarar, ɗayan ya samu zama da ma'aikaciyar jinya na daidai wannan lokacin ba tare da dabarar ba, domin a raba tasirin kulawa da na sassauta tsoka. Bayan ingancin rayuwa, a ƙirga mutum nawa ne a kowane rukuni suka kammala zagayen maganinsu. Muna kira ga cibiyar, da Babban Asibitin Maamobi, da ofishin Babban Limamin Ƙasa Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, su haɗa hannu a kan wannan gwaji kafin a fara yaɗa dabarar a masallatai da ƙungiyoyin mata.