Tarihin Ma'ajin Hoto: Daga Talabijin na Makaranta Zuwa Kwamfutar Ƴan Gem a Matameye

Gabatarwa

Garin Matameye yana bisa hanyar da ta taso daga Damagaram, ta bi ta Ɗan Barto, ta ratsa Daura, ta faɗa Kano. Tun zamanin cinikin gyaɗa wannan hanya take kai kaya kudu tana komowa da wasu. Ita ta kawo kaset-kaset na finafinan Hausa bayan fitowar Turmin Danya a 1990, ita ta kawo akwatunan PlayStation da suka cika gidajen gem, ita ce kuma ke kawo kwamfutocin tafi-da-gidanka na gwanjo daga kasuwanni irin su Farm Centre da titin Beirut na Kano. Saurayi zai tara kuɗin rake ko na cin rani ya sayi irin wannan kwamfuta, ya zuba mata gem ɗin ƙwallo, sai ya tarar hoto yana tafiya yana tsayawa kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Sau da yawa asirin wannan matsala yana cikin wani ɗan sashe na na'urar wanda Faransanci ke kira mémoire vidéo, a Hausance kuwa ana iya ce masa ma'ajin hoto. Kalmar mémoire tana iya ruɗar mai koyo, ya zaci wurin tuna abin da ya wuce ne, alhali wannan ma'aji ba ya riƙe komai da zarar an kashe wuta. Ya fi kama da allon ɗalibi: a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa. Bambancin kawai shi ne, wannan allo ana wanke shi sau 30 ko 60 cikin sakan guda. Wanda ya san tarihinsa zai san yadda ake karanta lambobinsa.

Gilashin da ba ya ajiya

A ƙasar Nijar talabijin ya fara shigowa ne a matsayin malami, domin a 1964 aka buɗe shirin koyarwa ta talabijin a Yamai, kafin Télé Sahel ta fara watsa shirye-shirye ga jama'a a 1979. Akwatunan wancan zamani ba su ajiye hoto ko kaɗan. Wani siririn haske ne ke gudu a bayan gilashi, layi bayan layi, har layi 625, ya zana cikakken hoto sau 25 a sakan. Kafin ya kai ƙasa na sama ya fara dushewa, ido ne ke haɗa sauran. Tashar watsawa ke turo komai, akwati kuwa nunawa kawai yake yi. Haka ma kaset na fim, hotunansa a shirye suke tun daga wurin ɗauka.

Gem ba haka yake ba. Babu tashar da ta san inda ɗan wasa zai karkatar da babban yatsansa, saboda haka dole na'urar ta zana hoton da kanta a daidai lokacin, kuma dole ta sami inda za ta ajiye zanen kafin gilashi ya karanta. A 1973 wani injiniya mai suna Richard Shoup, a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Kalifoniya, ya haɗa na'urar da ke ajiye kowane ɗigo na hoto a ma'aji. Ma'ajin nata bai wuce bayit dubu ɗari uku da ƴan kai ba, bayit ɗaya kuwa daidai yake da wurin ajiye harafi ɗaya. Duk da haka tsadarsa ta fi ƙarfin na'urar gida. Shi ya sa akwatin wasa na Atari 2600, wanda ya fito a 1977, ya zo ba shi da allon hoto sam. Dukan ma'ajinsa bayit 128 ne, wato bai isa ya ɗauki jimla biyu na wannan rubutu ba. Masu shirya wasanninsa sai sun riƙa tsere da hasken talabijin, suna shirya kowane layi kafin hasken ya iso gare shi.

Da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a 1981, katin hotonta mai launi yana da kilobayit 16. Lissafin a fili yake. Hoto mai ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye ya ƙunshi ɗigo 64,000, kuma idan aka raba musu wannan ma'aji kowane ɗigo zai sami rubu'in bayit, wanda ba ya iya bambanta fiye da launi huɗu. A 1987 katin VGA ya zo da kilobayit 256, kowane ɗigo ya sami cikakken bayit, launuka suka kai 256. Wato a wancan zamani girman ma'aji shi ne yawan launi. A cikin waɗannan shekaru ne kuma wasu masu bincike uku na IBM, Frederick Dill da Daniel Ling da Richard Matick, suka ƙago ma'aji mai ƙofa biyu, ɗaya ta mai rubutu, ɗaya ta mai karatu, don kada zane da nuni su riƙa jiran juna. An ba su takardar mallakar fasahar a 1985.

Zamanin sutura

A shekarun 1990 wasanni suka tashi daga zane shimfiɗaɗɗe suka koma siffofi masu tudu da zurfi. Na'ura takan gina ƙwarangwal ɗin ɗan ƙwallo da ƙananan siffofi masu kusurwa uku, sannan ta lulluɓe shi da hotunan da aka riga aka zana: fatar fuska, rigar ƙungiya, lambar baya, ciyawar fili, tutocin ƴan kallo. Waɗannan hotuna su ne suturar gem, kuma tun daga lokacin su ne suka fi cin wuri a ma'aji. Katin hoto ya zama tela, ma'ajin hoto kuma ya zama teburinsa, inda yake baza yadukan da zai yi aiki da su nan take.

Teburin farko ƙarami ne ƙwarai. PlayStation na 1994 yana da mega 1 kacal na hoto. Katin Voodoo na kamfanin 3dfx, a 1996, yana da mega 4, rabi na allo rabi na sutura. GeForce 256 na kamfanin Nvidia ya zo da mega 32 a 1999. PlayStation 2 kuwa, wanda ya fito a 2000 ya kuma daɗe yana mulki a gidajen gem na ƙasar Hausa, mega 4 gare shi. Hoto ɗaya na wayar zamani yana iya cika wannan wuri, amma a cikinsa aka buga Pro Evolution Soccer 6 na 2006, wanda samarin wancan lokaci suka ƙarar da canjinsu a kansa.

Tattali ne ya sa hakan ta yiwu. Tun 1983 Lance Williams ya bayyana dabarar ajiye kowace sutura a girma daban-daban, babba don abin da ke kusa, ƙarama don abin da ke nesa, tun da ido ba ya ganin zaren rigar mai tsaron gida daga tsakiyar fili. An kuma koyi matse sutura don ta ci wuri kaɗan, da maimaita hoton ɗan kallo guda har ya cika sitadiyam. Daga baya ma'aji ya yalwata. PlayStation 4 ya zo da giga 8 a 2013, PlayStation 5 da giga 16 a 2020, ko da yake a cikinsu hoto da sauran ayyuka tarayya suke yi a ma'aji ɗaya. Da teburi ya faɗaɗa sai masu shirya wasanni suka faɗaɗa yadi. Cikakken hoto mai ɗigo 1920 sau 1080 bai wuce mega 8 ba, amma sutura guda mai ɗigo 4096 a kowane gefe tana cin mega 64 kafin a matse ta, kuma babban gem yana ɗauke da dubban sutura manya da ƙanana.

Tela mai teburi da tela ɗan aro

A nan ne tarihin ya iso ga kwamfutar tafi-da-gidanka. Iri biyu ce. Akwai mai katin hoto na musamman, wanda ke da nasa ma'ajin a liƙe kusa da shi. Akwai kuma wadda aka haɗa mai zanen hotonta cikin babbar ƙwaƙwalwar na'urar don rage kuɗi da cin batir, hanyar da kamfanin Intel ya yaɗa. Irin wannan ba ta da teburin kanta, aro take yi daga babban ma'ajin da ake kira RAM. Kwamfutocin da aka ƙera don aikin ofis galibi na biyun ne, kuma su ne suka fi yawa cikin kayan gwanjo da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano. Suna da ƙarfin rubutu da lissafi da kallon fim, amma ba don wasa aka yi su ba.

Ko mai kati na musamman, idan teburinsa ya cika, sai ya ajiye ragowar yadi a babban ma'aji, ya riƙa aikawa ana ɗauko masa. Tazarar saurin tana da yawa. Katin GTX 1050, wanda ya shiga kwamfutocin tafi-da-gidanka a 2017, yana karanta ma'ajinsa da saurin giga 112 a sakan, alhali hanyar da ta haɗa shi da sauran na'urar ba ta kai giga 16 a sakan ba. Duk lokacin da tela ya tsaya jiran ɗan aike, ɗan wasa yana ganin hoto ya daskare na ƙiftawar ido, ko bango da fuska su fito a dusashe kafin su washe.

Karatun lambobi

Tun 2017 Windows 10 ta fara nuna aikin katin hoto a shafin da ake kira Gestionnaire des tâches a Faransanci, Task Manager a Ingilishi. Lambobi uku ne a wurin. Ta farko ita ce ma'ajin kati na kansa, dédiée. Ta biyu ita ce abin da aka yarda ya ara, partagée, wanda yakan kai rabin babban ma'aji. Ta uku jimillarsu ce. Kwamfuta mai RAM giga 8 da kati mai giga 2 za ta nuna jimillar giga 6. Mai RAM giga 16 wadda ba ta da kati na musamman ko kaɗan za ta nuna kusan giga 8. Babu ƙarya a lambar, amma wanda ya biya kuɗi a kanta ya yi cinikin biri a sama. Lambar farko ce ta kati, kuma a kwamfutar tafi-da-gidanka wannan ma'aji a liƙe yake da dalma, ba a ƙara shi bayan saye.

Wannan ruɗani bai tsaya ga ƙananan kasuwanni ba. A 2014 Nvidia ta fitar da katin GTX 970 mai giga 4. A farkon 2015 masu wasa suka gano cewa giga 3 da rabi ne ke aiki da cikakken sauri, ragowar rabin yana jan ƙafa. Maganar ta kai kotu a Amurka, aka sasanta a 2016 bisa biyan dala 30 ga kowane mai saye da ya nema. Idan masu saye a can sun ruɗe da lambar da ke jikin kwali, na Matameye ya fi cancantar ya buɗe ido.

Akwai kuma kuskure na biyu, kishiyar na farko. Wani zai ga ma'ajin katinsa ya kusa cika yana cikin wasa, sai hankalinsa ya tashi. Cikar ma'aji ba ciwo ba ce. Wasanni da yawa sukan kama wuri fiye da buƙatarsu, su baza suturar da za su nema nan gaba, kamar yadda tela mai hankali ba ya barin teburi fayau alhali aiki na jiransa. Alamar matsala ita ce a ga lambar farko ta cika maƙil, ta biyu tana hawa, hoto kuma yana sarƙewa. Maganinta shi ne a rage ingancin sutura a saitin gem, daga nan a rage yawan ɗigo da inuwa. Wasu wasanni, kamar Grand Theft Auto V na kwamfuta da ya fito a 2015, suna nuna ma'aunin abin da kowane zaɓi zai ci. Mai kwamfutar da ke aro kuwa, abin da ya fi taimakonsa shi ne ya sa sandar RAM ta biyu daidai da ta farko, domin hanya biyu ta fi ɗaya sauri.

Ba kowace tafiyar hawainiya ce ta ma'aji ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin Damagaram yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka. Kati idan ya yi zafi yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, haka ma idan wuta ta ɗauke ya koma kan batir. Bambancin a bayyane yake ga mai lura: ƙarancin ma'aji yana sa hoto ya riƙa tuntuɓe, musamman idan an shiga sabon wuri a cikin wasan, zafi kuwa yana sa wasan ya fara lafiya sannan ya yi nauyi gaba ɗaya bayan ƴan mintoci.

Kammalawa

Daga bayit 128 na 1977 zuwa giga 16 na 2020 ma'aji ya ninka fiye da sau miliyan ɗari, amma bai taɓa isar masu shirya wasanni ba, domin kullum sukan yanka yadi daidai da babban teburin zamaninsu. Kwamfutar da ta iso Matameye bayan ta yi shekaru a wani ofis na Turai tana ɗauke da teburin shekarar da aka ƙera ta. Idan aka ba ta wasan zamaninta, ko aka rage wa sabon wasa sutura, za ta yi aiki ba gardama, daidai ruwa daidai tsaki. Abin da ya rage ga mai saye shi ne ya kunna na'urar a gaban mai shago, ya nemi lambar da aka rubuta wa dédiée, ya sa gem ya yi kamar minti ashirin yana gudu, kafin ya ƙirga kuɗinsa.