Kuɗin haya a biranen Sudan: inda yake tashi da inda yake da sauƙi ga Hausawan Jazira da Blue Nile

Hausawan da ke zaune a ƙauyukan jihohin Jazira, Sennar da Blue Nile galibinsu manoma ne, kuma a gidajen gado suke kwana. Asalin zaman da yawa daga cikinsu yana komawa ga hanyar aikin Hajji da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi kusa da Sennar. Buɗe madatsar ruwa ta Sennar da shirin noman auduga na Jazira a 1925 ya ƙara jawo wasu. Haya ba ta cikin al'adar waɗannan ƙauyuka. Sai ɗalibi ya sami gurbi a Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, ko mara lafiya ya buƙaci zama kusa da asibiti, ko rikici ya tashi iyali, sannan ake fara neman ɗaki a birni.

Abin da ya sa haya ke tashi

Dalili na farko shi ne faɗuwar darajar kuɗi. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam ɗin Sudan daga 55 zuwa kimanin 375 a kan dala ɗaya, kuma a tsakiyar wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Tun daga nan masu gidaje da dama suka daina yarda da yarjejeniya mai tsawo, wasu kuma suka koma lissafi da dala.

Na biyu shi ne gudun hijira. Rikicin da ya ɓarke a Blue Nile a watan Yulin 2022, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ya kori dubban Hausawa zuwa Damazin, Sennar da wasu garuruwa. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, kusan mutum rabin miliyan suka fake a jihar Jazira, haya ta yi tashin gwauron zabo a Wad Madani. Bayan dakarun RSF sun kama birnin a watan Disamban 2023, cunkoson ya koma Sennar, Gadaref, Kassala da Port Sudan. Sojoji sun ƙwato Wad Madani a watan Janairun 2025, masu komawa kuma suka tarar da gidaje da yawa an wawushe su, babu ƙofa babu wayar lantarki.

Gidajen da hayarsu ba ta saurin tashi

Biranen Sudan an raba filayensu na zama zuwa daraja ta ɗaya, ta biyu da ta uku. Benaye masu ɗakunan haya, waɗanda ake kira shakka, sun fi yawa a unguwannin daraja ta ɗaya da ta biyu, kuma su ne farashinsu ya fi bin dala. Gidajen ƙasa masu tsakar gida a unguwannin daraja ta uku sun fi araha, ƙarin kuɗinsu kuma ya fi tafiya a hankali, domin masu zama a cikinsu da fam ake biyan su albashi.

Ɗakin da aka ba da haya da kayan ɗaki a ciki shi ya fi kowanne haɗari ga mai ƙaramin ƙarfi. Da wata ko da mako ake biyan sa, saboda haka mai gida na iya sauya farashi a duk lokacin da baƙi suka yi yawa a gari. Ɗakin da ba kowa a ciki sai bango, wanda aka kama na shekara, ya fi ba ɗan haya kwanciyar hankali.

Akwai kuma bambanci tsakanin gidan da mai shi ke zaune a ciki da wanda aka damƙa wa dillali. Dillali, wanda a can ake ce wa simsar, ladarsa tana fitowa ne daga sabon ɗan haya, don haka sauyin mutane riba ce a gare shi. Mai gidan da ke zaune a ƙasan bene ya fi son wanda ya sani, mai biya a kan lokaci, ko da kuɗin bai kai na kasuwa ba. A nan ne zumunci ke aiki: a garuruwa irin su Gadaref da Kassala, inda Hausawa suka daɗe da unguwanni, yawanci ta bakin limami ko dattijon unguwa ake samun irin waɗannan ɗakuna kafin su kai hannun dillali.

Tambayoyin da ake yi kafin a biya

Hanya mafi sauƙi ta gane halin gida ita ce tambayar waɗanda ke ciki. Shekara nawa suka yi? Sau nawa aka yi musu ƙari, kuma nawa? Benen da mutanensa suka shekara uku ko huɗu ba su tashi ba, alama ce mai kyau. Wanda kowane ɗaki baƙo ne a cikinsa, a yi hattara da shi.

Sai batun ruwa da wuta. Haya mai araha a gidan da sai an sayi ruwa daga masu amalanken jaki kullum tana iya fin mai tsada cin kuɗi a ƙarshen wata. Idan gidan na buƙatar gyara, a amince tun farko cewa za a cire kuɗin gyaran daga haya, a kuma rubuta.

Abin da doka ta tanada

Sudan tana da dokar hayar gine-gine ta 1991, wadda ta ba kotu hurumin sauraron saɓani a kan kuɗin haya da kuma batun tashin ɗan haya. Amma kotu da hujja take aiki. Yarjejeniyar baka, wadda aka saba da ita a ƙauye, ba ta da ƙarfi a birni idan mai gida ya musanta. Takardar da ta fi kare ɗan haya ita ce wadda ta faɗi adadin kuɗin da fam, tsawon wa'adi, lokacin da za a iya yin ƙari da iyakar ƙarin, tare da sa hannun shaidu ko lauya. Masu biya ta manhajar Bankak su riƙa adana shaidar kowane biya, masu biya hannu da hannu kuma su karɓi rasit.

Ga masu karatu da ke Faransa, tsarin ya bambanta: a can ƙarin shekara-shekara ba ya wuce ma'aunin IRL da hukumar ƙididdiga ta INSEE ke fitarwa duk wata uku. Ɗan haya a Wad Madani ko Damazin kuwa, abin da ya rubuta da mai gida a ranar farko shi ne ma'auninsa.