Haɗin Kan Ɗakunan Karatu: Daga Kaduna Zuwa Dutse

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya na yi mako biyu ina neman wani littafin tarihi a Dutse, har na fid da rai. Ashe yana nan ajiye a wani ɗakin karatu da bai fi tafiyar ƙafa ba daga wanda na fara zuwa, amma ma'aikatan wannan ba su san abin da ke wancan ba. Wannan ya sa na waiwayi baya don in ga yadda magabata suka yi da sha'anin littattafai.

Tun fil azal, littafi a ƙasar Hausa matafiyi ne. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da nahawu. Malami ya ara wa malami, almajiri ya kwafa da hannu, ya sa a gafaka ya kai wani gari. Ta haka karatu ya bazu har ƙauyuka, alhali kuwa ba hukuma ba kasafi.

Ɗakin karatu irin na boko kuwa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗu, sa'ad da Turawa suka sa En'e-En'e su buɗe ɗakunan da jama'a za su riƙa karanta labarin yaƙi. Da yaƙi ya ƙare, sai da yawansu suka zama marayu. A 1952 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa babban laburare a Kaduna, wanda ke cika akwatuna da littattafai yana aika wa ɗakunan En'e da makarantu, in an karance a mayar a karɓo wasu. Wato uwa ɗaya ce ke shayar da larduna duka. A lokacin nan Dutse gunduma ce a ƙarƙashin En'en Kano.

Su ma ma'aikatan laburare sun gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan taron da hukumar UNESCO ta kira a Ibadan a 1953, suka kafa ƙungiyar Afirka ta Yamma a 1954, sa'an nan ta Nijeriya a 1962. Da murya ɗaya suka dinga matsa wa gwamnati, kuma ba a daɗe ba aka yi dokar Laburaren Ƙasa a 1964. A nan Arewa, wani Bature F. A. Sharr ya zo daga Ostareliya ya bincika halin da ɗakunanmu ke ciki, rahotonsa na 1963 ya nuna ƙarancin ƙwararrun ma'aikata. A 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a Zariya.

To, daga nan sai rabon gado ya shigo. A 1967 aka yanka Arewa jihohi shida, aka raba littattafan Kaduna, kowa ya kama gabansa. Ran 27 ga Agusta, 1991 aka cire Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birni, aka sake sabon gini daga tushe. Kowane rabo ya kawo mulki kusa da talaka, ban musa ba, amma ya tsinka igiyar da ta ɗaure ɗakunan karatu wuri guda.

Yau ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha, ga laburaren jiha, ga makarantun Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun da Gwaram. Me zai hana su haɗa jerin sunayen littattafansu, su riƙa ara wa juna, su kuma tunkari majalisa tare lokacin kasafin kuɗi? Wanda ya je shi kaɗai, roƙo ya je yi. In sun je tare, dole a saurare su.

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, akwatin Kaduna ya yi aikinsa ba tare da intanet ba. Mu da muke da ita, ba mu da hanzari. Allah ya sa mu dace, amin.