Wahayi da Duba a Tarihin Ƙasar Daura

Mutanen da sun san hanya biyu ta samun labarin gaibu. A ta farko, mutum ne yake zuwa wurin tsafi da hadaya ya yi tambaya, kamar yadda Girkawa suke yi a Delfi. A ta biyu kuwa, Ubangiji ne yake fara magana, ya zaɓi wanda Ya so Ya aika. Wannan ta biyun ita Baibul yake nufi da kalmar Girkanci logiya, wato zantuttukan Allah. Ayyukan Manzanni sura 7 ta kira abin da aka ba Annabi Musa da wannan suna, Romawa sura 3 kuma ta ce amana ce a hannun Yahudawa. Duba da bokanci kuwa Attaura ta haramta su.

Ƙasar Hausa ta fara da hanya ta farko. Tarihin Kano ya nuna cewa Barbushe yakan shiga wurin Tsumburbura, ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai auku. A Daura ma, inda Girgam ya danganta asalin sarauniyoyi da ƙasar Kan'ana, macijin Kusugu ne yake yanke ranar ɗiban ruwa, har Bayajida ya kashe shi. Wasu masana suna ganin labarin yana nuni ne da karyewar ikon tsafi.

Da Musulunci ya kafu, sai kalmar wahayi ta shigo daga Larabci, aka keɓe ta ga annabawa, aka kuma rufe ƙofarta da Annabi Muhammadu (S.A.W.). Duk da haka bori da bugun ƙasa ba su gushe ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki masu da'awar sanin gaibu a cikin Nurul Albabi, jihadinsa kuma ya iso Daura wajen 1805, lokacin da Malam Ishaku ya kori Sarkin Gwari Abdu.

Muhimmancin wannan bambanci a fili yake. Amsar boka takan karkata ga mai biya, amma wahayi rubutacce yana hawa kan sarki da talaka baki ɗaya. Saboda haka ma'aikacin da ya kai buƙatar ƙarin girma wurin mai duba, ya koma zamanin Kusugu ne bai sani ba.