Matuƙin Jirgin Yaƙin Da Ya Koma Tseren Mota

Wani mai sauraronmu daga Katuru, ɗan kasuwa mai bin hanyar Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda, ya aiko da wasiƙa cewa gardama ta kaure a tasha, har an sa goro. Tambayarsa: shin an taɓa yin matuƙin jirgin yaƙi da ya sauko ƙasa ya kama tseren mota?

To malam, an yi. Sunansa Tony Gaze, mutumin Ostareliya, an haife shi a 1920. Yana karatu a Ingila Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, wato yaƙin nan da ya kai iyayenmu Bama. A 1940 ya shiga sojan sama na Ingila, inda ya tuƙa jirgin da ake kira Spitfire. Ƙaninsa ma matuƙi ne, amma shi ya rasu a 1941.

A watan Satumba na 1943 Jamusawa suka harbo jirginsa a Faransa. Bai mutu ba. Mutanen ƙasar suka ɓoye shi, suna miƙa shi hannu zuwa hannu, har ya ƙetare duwatsu ya shiga Sifen. Wani ne da sai ya ce ya tuba, amma gogan naka komawa sama ya yi. A Fabrairun 1945 har ya kakkaɓo wani sabon jirgin Jamus mai suna Me 262, wanda ya fi nasa gudu nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne wannan. Filin jirgin da ya yi aiki yana da kwalta da ta kewaye shi, nan yake sheƙa gudu da motarsa in ba aiki. Bayan yaƙi sai ya ba mai filin shawara a mai da wurin fagen tsere. Haka aka yi, aka buɗe Goodwood a 1948.

A 1952 ya shiga babbar gasar tseren motoci ta duniya a Beljiyam. Gaskiya dai bai ci ba, na 15 ya zo, amma shi ne ɗan ƙasarsu na farko da ya shiga. Direbobinmu kuma a lura, fagen tsere ba jaki, ba fasinja, ba buhun gero a bisa.

Ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Wanda ya yi musu sai ya fito da goron.